Sharhi: A sare reshen sabara, a bar mata saiwarta

Kowace shekara, daga watan Afrilu zuwa Mayu, hayaƙi kan turnuƙe gonaki tun daga Dogon Dutsi har Magarya. Lokacin sassabe ne. Manomi ya bi gonarsa da gatari da adda, ya sare duk abin da ya yi toho a cikin rani, ya tara shi waje ɗaya, ya cinna masa wuta. A ƙasar jigawa, babban kason abin da ke cin wutar nan sabara ce. Wasu ma ba su tsayawa ga sara da ƙonawa, sai sun tono kututturen da saiwarsa sun ɗora a amalanke zuwa kasuwa.

Wannan al'ada ta daɗe, kuma masu yin ta suna da dalilansu. To amma abin da aka sani yau game da sabara ya isa ya sa manoma da hukumomi su sake lissafi. Saran reshe ba ya cutar da ita, don a kan sara take rayuwa. Ƙona ganyenta asara ce, tone saiwarta kuwa rushe wani aiki ne da take yi wa hatsi a ƙarƙashin ƙasa, wanda babu takin zamani ko tallafin gwamnati da zai maye gurbinsa.

Wace ce sabara?

Masana tsirrai suna kiran ta Guiera senegalensis. An ɗauko sunan ne daga yaren Wolof na ƙasar Senegal, inda ake ce mata nger, Fulani kuma suna ce mata geloki. Danginta ɗaya da geza da taramniya, amma a cikin dangin ita kaɗai ce irinta, ba ta da wata ƴar'uwa ta kusa da ke ɗauke da sunan Guiera. Tana fitowa daga Senegal da Moritaniya har zuwa Sudan, a yankin da ruwan sama ke kaiwa milimita 400 zuwa 800 a shekara, wato daidai inda ake noman hatsi da wake a Nijar.

Ba ta da girma. Galibi tsawonta mita 1 zuwa 3 ne, idan kuma an bar ta shekaru ba a taɓa ba takan kai mita 5 ta zama ƙaramin icce. Rassa da yawa ne ke fitowa daga kututture ɗaya. Ganyenta ƙanana ne, masu launin toka-toka, suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, da wani laushin gashi a jikinsu wanda ke rage musu asarar ruwa a cikin zafi. Wanda ya juya bayan ganyen zai ga ɗige-ɗige baƙaƙe, alamar da ke raba ta da sauran tsirran daji. Furenta ɗan dunƙule ne, rawaya mai sirkin kore, ƙudan zuma na son sa. Ƴaƴanta kuwa sirara ne, tsawon santimita 3 zuwa 4, lulluɓe da gashi mai sheƙi, suna barbazuwa daga wuri ɗaya kamar ƙafafun gizo-gizo.

Tana riƙe ganyenta har rani ya yi nisa, lokacin da yawancin ciyayi sun bushe. Raƙuma da awaki na cin ganyen, shanu kuwa ba su cika kula shi ba saboda baurinsa. Wannan baurin na daga cikin abin da ya sa take tsira a inda dabbobi suka cinye komai. Wuta ma ba ta cika kashe ta ba, muddin saiwar na nan.

Ya kamata a fayyace abu ɗaya, don ana yawan haɗa su. Sabara ba ta cikin dangin wake da gyaɗa da gawo, waɗanda saiwarsu ke kamo sinadarin naitirojin daga iska ta zuba wa ƙasa. Amfaninta ga gona ta wasu hanyoyi yake zuwa, kuma uku ne manya.

Aikin da ido ba ya gani

Na farko shi ne tare iska. Duk manomin jigawa ya san abin da guguwar farkon damana ke yi: rairayi ya taso ya daki shukar da ba ta wuce sati biyu ba, ya ƙone mata ganye ko ya binne ta, a koma a sake shuka, wani lokaci har sau uku. Kowane maimai iri ne ya tafi, kwanakin damana kuma sun ragu. Sabarar da ke warwatse a gona tana karya ƙarfin iskar a kusa da ƙasa, inda ɓarnar take.

Na biyu shi ne tara taki. A cikin hunturu da bazara, ƙura da busassun ganyaye da karmami da kashin dabbobi da iska ke kwasowa suna maƙalewa a gindinta. Shi ya sa ake ganin ɗan tudu a ƙarƙashin kowace tsohuwar sabara. Ganyenta da ke zuba yana ƙaruwa a kai, gara da ƙananan halittun ƙasa su narkar da shi. Binciken da Alexander Wezel da abokan aikinsa suka yi a gonakin yammacin Nijar, wanda aka buga a shekarar 2000, ya nuna cewa ƙasar da ke gindin sabara ta fi ta fili ƙarfi, kuma hatsin da ke kusa da ita ya fi na nesa bayarwa. Ga ƙasa irin ta Nijar, wadda rashin sinadarin fosforas da ƙarancin ruɓaɓɓen ganye suka daɗe suna addabar ta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na uku shi ne ya fi ban mamaki, wato ɗebo ruwa. Sabara na da saiwa iri biyu: wadda ke nutsawa can ƙasa inda danshi bai ƙarewa, da waɗanda ke shimfiɗe kusa da sama. Da rana, ruwan da doguwar saiwar ta jawo yana hawa zuwa ganye ya fita. Da dare ƙananan ƙofofin ganyen sukan rufe, ruwan bai da hanyar fita ta sama, sai wani kasonsa ya tsattsafo ta gajerun saiwoyin zuwa cikin busasshiyar ƙasar sama. A nan ne saiwar hatsi take.

An gwada wannan a Keur Matar Arame, kusa da birnin Thiès na Senegal, inda masana na ƙasar da na Amurka, cikinsu har da Richard Dick na jami'ar jihar Ohio, suka shafe sama da shekara goma suna noma hatsi tare da sabara. A wani gwaji da Nathaniel Bogie da abokansa suka buga a 2018, an ba doguwar saiwar sabara ruwa mai wata alama da ake iya ganowa a ɗakin bincike, bayan an katse wa gonar ruwa da gangan kamar yadda fari ke yi. Cikin ƴan kwanaki aka sami alamar a jikin hatsin da ke kusa. Nauyin hatsin da ya tashi tare da sabara, kara da ganye da duka, ya ninka na wanda ya tashi shi kaɗai fiye da sau tara.

Gonar gwaji ce, an cika ta da sabara har kimanin 1,500 a hekta ɗaya, kuma an daɗe ana mayar mata da ganyen maimakon ƙonawa. Ba wanda zai ce kowace gona a Tasawa ko Madawa za ta ba da wannan ninkin. Amma gwajin ya tabbatar da cewa ruwan na wucewa daga sabara zuwa hatsi. A ƙasar da tsayawar ruwa ta kwana goma sha biyar a tsakiyar damana ke iya raba gida da abincin shekara, wannan kaɗai ya isa hujja. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Sabara ta riga ta tona, kyauta.

Darasin da Maraɗi ta koya wa duniya

Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan magana. A shekarar 1983, Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ke aikin dashen itatuwa a jahar Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da ke warwatse a gonaki toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na raye a ƙasa. Maimakon dashe, wanda yawancinsa ke mutuwa, sai aka koma ga zaɓen toho mafi ƙarfi a bar shi, a rage sauran. Yunwar 1984 ta sa manoma da yawa suka gwada, sannu a hankali kuma dabarar ta bazu daga gona zuwa gona da sunan sassaben zamani.

Ƙiyasin da Chris Reij da Gray Tappan da abokan aikinsu suka fitar a 2009, bisa hotunan sama da ziyarar gonaki, ya ce hekta miliyan 5 ne suka sake samun itatuwa ta wannan hanya, musamman a jahohin Maraɗi da Damagaram, itatuwa kimanin miliyan 200. Ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agye ya yi suna wajen kafa kwamitin tsaron itatuwan gona. A 2018 aka ba Rinaudo kyautar Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Sai dai idan ana ba da wannan labari, gawo ne ke shan yabo. Ya cancanta, kuma martabarsa tsohuwa ce, tun zamanin da ake ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimun ya hana saran sa. Amma gawo na ɗaukar shekaru kafin ya yi inuwar kirki. A gonaki da yawa, abin da ya fara riƙe ƙasa, ya ba mata itacen girki tun shekara ta biyu, ya sa manomi ya ga ribar haƙurinsa, su ne sabara da kalgo da taramniya. Ƙananan ne suka share wa manyan hanya.

Inda barazanar take

Abu huɗu ne ke cin sabara a yau. Na farko shi ne tonon kututture don sayarwa. Yawancin gidajen Nijar da itace suke girki, birane kuma sai ƙara faɗi suke yi. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17 da ɗoriya a ƙasar, jahohin Maraɗi da Damagaram kowace ta haura miliyan 3, tun daga lokacin kuma jama'a ƙaruwa take yi. Idan rassa suka yi ƙaranci a kewayen gari, mai neman na cefane sai ya koma ga kututture, don ya fi nauyi kuma ya fi daɗewa a murhu. Reshen da aka sare bana zai dawo baɗi. Kututturen da aka tone ya tafi ke nan, domin sabara ba ta cika fitowa daga iri cikin sauƙi ba.

Haka abin yake a tudun-tudun da ke kewaye da Yamai, inda geza da sabara ke yin jeri-jeri na daji tsakanin faƙo, wanda masana suka yi wa laƙabi da daji mai zanen damisa saboda yadda yake bayyana daga sama. Daga nan ne babban birnin ya daɗe yana samun itacen girkinsa. Dokar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara an yi ta ne don a riƙa sara bisa ƙa'ida, yanki bayan yanki, a bar wa dajin lokacin farfaɗowa. Ƙa'idar tana aiki ne kawai idan kututture na nan.

Na biyu shi ne tarakta. Mai kuɗin da ya sayi gona babba yakan fara da tumɓuke duk wani kututture don garma ta wuce ba tangarɗa. Shekarar farko gonar ta yi kyau a ido. Bayan ƴan shekaru iska ta kwashe ƙasar sama, sai a koma ana neman buhun taki don a sami abin da da ake samu ba tare da shi ba.

Na uku shi ne wutar sassabe. Toka na da ɗan amfani, amma naitirojin da ke cikin ganye yana bin hayaƙi, haka ma abin da zai ruɓe ya riƙe danshi. Ana ƙona takin da ya zo har gona da kansa.

Na huɗu shi ne tonon saiwa don magani. Sabara na da matsayi a maganin gargajiya, ana dafa ganyenta don ciwon ciki da gudawa da tari, kuma masu bincike sun sami sinadarai masu aiki a cikinsa. Tunda a ganyen ne aka fi samun abin da ake nema, babu dalilin kashe iccen gaba ɗaya. Kuma yaron da gudawa ta kama, gidan likita da ruwan gishiri da sukari ne hanyarsa ta farko.

Hujjar manomi

Ba daidai ba ne a ɗauka wanda ke ƙona sabara bai san abin da yake yi ba. Gonaki sun tsuke, gado ya rarraba su, kowane taku na ƙasa ana son a ga hatsi a kansa. Sabarar da aka bari ta yi duhu tana yi wa shuka inuwa, tana hana noma tafiya da sauri, wasu kuma na tsoron macizai da tsuntsaye. Ƙonawa ta fi daddatsa ganye sauƙi, a lokacin da samarin gida da yawa ba su dawo daga cin rani ba. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina kuwa, me zai sa ya yi renon abin da ba shi da tabbacin zai ci moriyarsa? Akwai kuma wanda ya yi renon, dare ɗaya wani ya shigo ya sare.

Duk waɗannan gaskiya ne, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar a tone saiwa. Maganin inuwa shi ne sara a kan lokaci: a sare rassan dab da faɗuwar ruwa, a sake rage tohon a lokacin noman farko, hatsi ya riga ta tashi. Itacen a kai gida, mata su huta da doguwar tafiya neman na girki. Ganyen da ƙananan rassan a baza su a gona. A kan wasu kututturan a bar toho biyu ko uku masu ƙarfi su girma. Inda sabarar ta yi ƙaranci, ana iya lanƙwaso reshe a binne tsakiyarsa da damana, ya yi saiwa ya zama sabuwa. Babu kuɗin da wannan ke ci, sai lokaci da sani.

Abin da ya rage ga hukuma

Dokoki na nan. Akwai dokar gandun daji ta 8 ga Yunin 2004, akwai kuma dokar 30 ga Yulin 2020 da ta tsara sassaben zamani, ta kuma amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya yi reno a gonarsa. Matsalar ita ce nisan da ke tsakanin takarda da ƙauye. Manomin da bai taɓa jin dokar a harshensa ba, yana nan da tsohon tsoron cewa icce na gwamnati ne, kuma barin sa a gona jawo wa kai tara ne ranar da aka so a rage shi. Wajibi ne a fassara dokar 2020 cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa, gidajen rediyon karkara su riƙa karanta ta kafin kowane lokacin sassabe, ma'aikatan gandun daji kuma su riƙa zuwa a matsayin masu koyarwa kafin su zo a matsayin masu kamu.

Abu na biyu, a bambanta reshe da kututture a kasuwa. Amalanken da ke ɗauke da saiwoyi ba ya ɓuya. Ƙananan hukumomi da sarakuna da masu gari na iya hana sayen sa da sayar da shi, tare da barin cinikin rassa ya ci gaba, don kada a toshe wa talaka hanyar abinci. Hukumomin kula da filaye na ƙauyuka, waɗanda tsarin dokar karkara ta 1993 ya tanada, su riƙa rubuta makomar itatuwa a cikin yarjejeniyar aro da jingina. Makiyaya ma a sa su cikin kwamitocin tsaro, tunda dabbobinsu ne ke cin ganyen da rani, kashinsu kuma gonar ce ke amfana.

Abu na uku, masu ba da hayar tarakta da shirye-shiryen da ke raba ta su koyi noma tsakanin jeri-jerin kututture. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da cibiyar ICRISAT da ke Sadore da jami'o'in Maraɗi da Yamai suna da ƙwarewar da za su auna, a gonakin manoma na nan gida, yawan sabarar da ya dace da hekta ɗaya a kowane yanki, su fitar da amsar cikin harshen da mai gona zai gane.

Abu na huɗu shi ne yadda ake ƙirga nasara. Tun 1975 ake dasa itatuwa a ranar 3 ga Agusta, kuma Nijar ta yi alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.2 na ƙasar da ta lalace kafin 2030. Kowace shekara ana sanar da yawan dashen da aka yi, ba a cika dawowa a faɗi nawa suka ga damana ta biyu ba. Dashe na buƙatar reno a leda, da sufuri, da ban ruwa, da shinge. Kututturen sabara ya riga ya kafu, ya saba da fari, ya saba da akuya. Idan har za a riƙa yaba wa gari don ya dasa dubu, ya dace a riƙa yaba wa wanda ya tsare kututture dubu goma, a kuma sa wannan cikin rahoton shekara.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Takin zamani daga waje yake zuwa, farashinsa kuma ba ya hannun manomin Mayayi ko na Kwanni. Sabara kuwa tana cikin gonarsa tun kafin a haife shi. Kafin ruwan bana ya sauka, abin da ake nema gare shi kaɗan ne: ya sare reshe, ya baza ganye, ya bar saiwa a inda take.